Farfaɗowar Fahimi Bayan Raunin Ƙwaƙwalwa a Yara: Nazarin Tazarar da ke Tsakanin Sallamar Asibiti da Warkewa a Birnin Kano

Maƙalar da aka gabatar a taron ƙara wa juna sani, Ƙofar Kabuga, Kano

Tsakure

Wannan maƙala ta dubi yadda fahimin yaro ke farfaɗowa a tsawon shekaru bayan ƙwaƙwalwarsa ta sami rauni, ko ta dalilin buguwa ko ta dalilin cuta. An bi diddigin ra'ayoyi biyu da masana suka daɗe suna ja-in-ja a kansu, wato ra'ayin tanƙwaruwa da ra'ayin rashin ƙwarin ƙuruciya, sannan aka auna su da yanayin rayuwar yaran unguwannin da ke kewaye da Ƙofar Kabuga. Matsayar maƙalar ita ce, naƙasun da ya fi yi wa yaro illa ba kasafai yake bayyana ranar sallama ba. Yakan jira sai shekarun da ake bukatar basirar da ta taɓu, a lokacin kuwa babu likita a kusa, sai uwa da malamin allo da malamin aji. Don haka aka kawo shawarar a gina bibiya a kan waɗannan mutane uku.

1.0 Gabatarwa

A ɗakunan yara na Asibitin Hasiya Bayero da Asibitin Ƙwararru na Murtala Muhammad da Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, kamar sauran asibitocin duniya, alamomin sallama sanannu ne: yaro ya farka daga doguwar suma, zazzaɓi ya sauka, jijjiga ta tsaya, yana cin abinci, yana gane mahaifiyarsa. Waɗannan alamomi sun dace da aikin da aka sa su, wato tabbatar da cewa rai ya tsira. Daga nan dangi da maƙwabta za su zo barka da arziki, a ce yaro ya warke garau. Tambayar da wannan maƙala ta ɗauko ita ce, shin ƙwaƙwalwar da ta tsira za ta ci gaba da girma yadda da za ta yi ba don raunin ba? Idan kuma ba haka ba ne, yaushe giɓin zai fito, kuma wa zai fara ganinsa?

Manufar maƙalar ita ce ta fito da abin da bincike ya tabbatar game da wannan tambaya, ta nuna inda ma'aunan da aka shigo da su daga waje suka kasa, sannan ta zayyana tsarin bibiya da ya dace da gidan Bahaushe.

1.1 Ma'anar Kalmomi

An yi amfani da kalmar fahimi a matsayin gamammen suna na ayyukan ƙwaƙwalwa da suka shafi koyo: natsuwa, riƙon bayani, harshe, saurin sarrafa bayani da jagorancin tunani. Jagorancin tunani shi ne iya tsara aiki, da danne zuciya, da sauya dabara idan ta farko ta ƙi ci. Mazauninsa ɓangaren goshi na ƙwaƙwalwa. Riƙon wucin gadi shi ne ajiye bayani a ka na ɗan lokaci ana aiki da shi, kamar yadda mai talla ke riƙe lissafin canji. Tanƙwaruwa kuwa an aro ta ne daga karin maganar nan ta icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, ana nufin ikon da ƙwaƙwalwa ke da shi na sake tsarin hanyoyinta. Naƙasu mai jinkiri shi ne gazawar da ba ta fitowa fili sai shekaru bayan raunin. Ya kamata a lura cewa farfaɗowa, wato dawowar aiki, daban take da farfaɗiya, wadda cuta ce, duk da cewa za a ci karo da su duka biyu a nan gaba.

2.0 Bitar Ra'ayoyin Magabata

Tsohon ra'ayi, wato na tanƙwaruwa, ya samo tushe daga aikin Margaret Kennard a Jami'ar Yale ta Amurka tun daga 1936. Ta lura cewa idan aka lalata ɓangaren motsi na ƙwaƙwalwar jaririn biri, yakan dawo da motsinsa fiye da babban birin da aka yi wa irin wannan lahani. Daga baya Hans-Lukas Teuber ya taƙaita sakamakon da cewa in dai raunin ƙwaƙwalwa ya zama dole, gara ya zo da wuri, aka kuma laƙaba wa wannan magana sunan ƙa'idar Kennard. Maureen Dennis ta nuna a 2010 cewa an yi wa Kennard gajeren fahimta, domin ita kanta ta rubuta cewa wasu matsaloli sun riƙa ɓullowa a jikin ƙananan biran yayin da suke girma. Duk da haka taƙaitaccen zancen ne ya bazu, kuma ya yi daidai da abin da jama'a ke faɗa a nan gida, cewa jikin yaro ba ya riƙe ciwo.

Donald Hebb ya kawo saɓanin wannan tun 1942. Hujjarsa ita ce, babba yana amfani da ilimin da ya riga ya tara, yaro kuwa yana bukatar lafiyayyar ƙwaƙwalwa kafin ma ya tara. Idan rumbu ya tsage bayan an cika shi, asarar ta wani kaso ce. Idan ya tsage tun kafin kaka, duk abin da za a zuba zai riƙa zurarewa. Dennis ta ƙara fayyace wannan a 1989 da ta kasa basira gida uku: wadda ta kafu, wadda ke kan kafuwa, da wadda ba ta tsiro ba tukuna. Rauni ya fi cin ta biyu da ta uku.

Binciken da ya fi ba wannan ra'ayi na rashin ƙwarin ƙuruciya ƙarfi shi ne na Vicki Anderson da abokan aikinta a Asibitin Yara na Melbourne, ƙasar Ostiraliya. A rahotonsu na 2005 sun nuna cewa yaran da suka sami mummunar buguwar kai tun suna ƙanana sun fi jinkirin farfaɗowa a kan waɗanda suka same ta sun ɗan tasa. A 2012 suka fitar da sakamakon bibiyar shekara goma ta yaran da suka ji rauni tsakanin shekara 2 zuwa 7. Masu mummunan rauni sun ci gaba da zama a baya, amma tsakanin shekara ta biyar da ta goma giɓin ya daina faɗaɗa, wato yaran suna ci gaba da koyo ko da ba su cim ma tsara ba. Babikian da Asarnow, waɗanda suka tattara bincike masu yawa a 2009, sun sami cewa ƙaramar buguwa ba ta cika barin tabo mai ɗorewa ba, mummuna kuwa takan sa tazara ta ƙaru da tafiyar lokaci.

Reshe na uku na bincike ya fito daga jihar Ohio ta Amurka, inda Keith Yeates da Gerry Taylor da Shari Wade suka nuna tun daga 1997 cewa yanayin gida na sauya sakamako. Yara biyu masu rauni iri ɗaya sukan rabu a hanya gwargwadon zaman lafiyar gidajensu da abin hannun iyayensu da irin tarbiyyar da ake yi musu. Giɓin da ke cikin waɗannan ayyuka shi ne, an yi su ne a kan buguwar kai, a ƙasashen da kowane yaro ke da takardar haihuwa da rahoton makaranta. A Kano cuta ta fi buguwa yawan taɓa ƙwaƙwalwar yara.

3.0 Hanyar Gudanar da Nazari

Wannan nazari na bitar rubuce-rubuce ne. An zaɓi ayyukan da suka bi yara aƙalla wata shida bayan rauni, aka fifita waɗanda aka gudanar a Afirka kudu da Sahara, musamman Yuganda da Malawi da Kenya da Arewacin Nijeriya. An taƙaita ga raunin da ya sami yaron da aka haifa lafiya, don haka ba a shiga lahanin doguwar naƙuda da na shawarar jarirai ba. Daga nan aka auna sakamakon da wurare uku da yaron unguwannin Kabuga da Ɗorayi da Janbulo da Rijiyar Zaki ke yini a cikinsu, wato gida da makarantar allo ko Islamiyya da makarantar boko. Misalin yaron da aka kawo a 4.2 na ƙiyasi ne, an gina shi don fayyace bayani.

4.0 Tsokaci da Nazari

4.1 Musabbaban Rauni

Na farko a girma shi ne zazzaɓin cizon sauro mai taɓa ƙwaƙwalwa. Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2023 ya ɗora wa Nijeriya kimanin kashi 27 cikin 100 na masu kamuwa da cutar a duniya da kashi 31 na mace-macenta, kuma a Kano cutar takan yi ƙamari daga tsakiyar damina zuwa farkon kaka. Gwajin da aka buga sakamakonsa a 2010, wanda aka yi a kan yara 5,425 a ƙasashen Afirka tara, har da cibiya a Ilorin, ya nuna allurar atesunet ta rage mutuwa daga kashi 10.9 zuwa kashi 8.5 idan aka kwatanta da kwinin. Wannan nasara ce, amma tana nufin ƙarin yaran da za su rayu da tabon cutar. Chandy John da Michael Boivin da Paul Bangirana da abokan aikinsu sun bi yaran da aka kwantar a Asibitin Mulago na Kampala, suka ruwaito a 2008 cewa bayan shekara biyu kimanin kashi 26 na waɗanda suka tsira suna da naƙasun fahimi, alhali a tsakanin takwarorinsu na unguwa bai kai kashi 8 ba. Natsuwa ce ta fi taɓuwa. A Blantyre ta Malawi, Gretchen Birbeck ta sami a 2010 cewa kusan ɗaya cikin goma na irin waɗannan yara sun kamu da farfaɗiya daga baya, wasu kuma halinsu ya rikiɗe.

Na biyu shi ne sanƙarau. Annobar 1996 ta kama mutum sama da 100,000 a Arewacin Nijeriya, ta kashe sama da 11,000. Karen Edmond da abokan aikinta sun ƙiyasta a 2010 cewa a Afirka kusan ɗaya cikin huɗu na waɗanda suka tsira daga sanƙarau na ƙwayar bakteriya sukan fita da babban lahani, kuma kurumta ce ta fi yawa. Wannan na da muhimmanci ga awo, domin yaron da ba ya ji sosai sai a ɗauka ba ya fahimta.

Na uku shi ne amosanin jini, wanda aka fi sani da sikila. Idan ba rigakafi, kimanin kashi 11 na masu cutar sukan gamu da shanyewar ɓarin jiki kafin shekara 20. Akwai kuma wadda ta fi ta yawa, wato toshewar ƙananan jijiyoyi ba tare da wata alama a jiki ba, wadda sai hoton ƙwaƙwalwa ke nuna ta, amma tana cin fahimi. A wannan fage Kano ta ba duniya ilimi. Gwajin da aka gudanar a Asibitin Malam Aminu Kano da na Murtala da na Barau Dikko a Kaduna, tare da Jami'ar Vanderbilt, wanda Shehu Abdullahi da Najibah Galadanci da Michael DeBaun ke cikin jagororinsa, ya ɗauki yara 220 da na'urar auna gudun jini a ka ta nuna suna cikin haɗari. Sakamakon da aka buga a 2022 ya nuna ƙaramin awo na maganin haidiroksiyuriya bai gaza matsakaicin awo ba wajen kare su daga shanyewa.

Buguwar kai ita ce ta huɗu. A ko'ina a duniya faɗuwa ce kan gaba ga ƙananan yara, hatsarin hanya kuma ga waɗanda suka tasa. Ƙofar Kabuga mahaɗa ce ta hanyar Gwarzo da titin da ya bi gefen ganuwa ta gaban tsohuwar harabar Jami'ar Bayero, kuma 'yan makaranta da 'yan talla da almajirai na tsallaka waɗannan tituna safe da yamma. Hana acaɓa da aka yi a Janairun 2013 ya mayar da sufuri hannun adaidaita sahu, wadda ita ma ba ta da ƙofa ko ɗamarar kujera. Gubar dalma, wadda ta kashe yara kimanin 400 a ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum na Zamfara a 2010, ta cancanci maƙala tata daban.

4.2 Yadda Naƙasu ke Jinkirin Bayyana

Ƙwaƙwalwa ba ta nuna gaba ɗaya. Ɓangarorin gani da ji da motsi su ke fara kammala, ɓangaren goshi kuwa yana ci gaba da gyaruwa har bayan shekara 20. Ke nan idan rauni ya sami goshin ɗan shekara huɗu, ya taɓa ma'aikatar da ba a fara neman aikinta ba. Babu mai tsammanin ɗan shekara huɗu ya tsara yininsa ko ya danne fushinsa.

A ɗauki misalin yarinya 'yar shekara huɗu da zazzaɓi ya sumar kwana uku a watan Satumba. An sallame ta tana tafiya tana magana. A shekara shida ta shiga babbaƙu da farfaru ba tare da an ga wani abu ba, domin maimaici ne da kwaikwayon murya. A shekara tara aka fara aikenta nesa: ta sayo gishiri da magi, ta biya gidan Inna ta karɓo rariya, ta dawo da canji. Sai ta riƙa dawowa da abu ɗaya, ko ta tsaya kallon wasa ta manta da aiken. A aji huɗu, lokacin da darasi ya tashi daga koyon karatu ya koma karatu don a fahimta, kuma Turanci ya ƙara nauyi, sai ta fara zama ta baya. A shekara goma sha uku aka fara cewa ba ta da kunya, ba ta jin magana, tana faɗa da ƙawaye. Tsakanin sumar da wannan hukunci shekara tara ce, kuma ba wanda zai haɗa su. Sandra Chapman ta kira wannan yanayi a 2006 da abin da za a iya fassarawa da cijewar fahimi: yaro ya dawo da abin da ya sani kafin rauni, sai sabon koyo ya ƙi gaba. Steven Anderson da Antonio Damasio sun bayyana a 1999 mutum biyu da suka ji rauni a goshi kafin su cika wata 16, waɗanda suka girma da matsakaicin ƙoƙari a jarrabawar basira amma suka kasa koyon dokokin zama da mutane.

Harshen Hausa ya riga ya rarrabe abin da ake magana a kai. Wayo daban, hankali daban. Yaro kan yi wayo da wuri, hankali kuwa sai a hankali yake zuwa, kuma da shi ake auna kunya da ladabi da sanin ya kamata. Raunin goshi yakan bar wayo ya ci hankali. Illar ita ce, al'umma na kallon ƙarancin hankali a matsayin laifin tarbiyya, don haka sunayen da yaron ke samu su ne daƙiƙi, mai ƙiriniya, mai taurin kai, ko a ce iska ce ta shafe shi. Kowane suna na da nasa magani, daga bulala zuwa hayaƙi, kuma babu wanda ya nufi asalin matsalar. Duka a kai, musamman ranƙwashi da mari, ƙari ne a kan ciwo.

Bai kamata a fahimci wannan bayani a matsayin yanke ƙauna ba. Mafi yawan yaran Kampala ba su nuna naƙasu ba, kuma yaran Melbourne sun ci gaba da koyo. Tanƙwaruwa gaskiya ce, sai dai ɗanyen icce yadda yake karɓar gyara haka yake karɓar karkata.

4.3 Matsalar Awo

Ma'aunin suma na Glasgow da aka ƙirƙiro a 1974, wanda yanzu ke da maki 3 zuwa 15, da na Blantyre na 1989, mai maki 0 zuwa 5 wanda aka tsara don yaran da ba su fara magana ba, suna auna zurfin suma ne a gadon asibiti. Ba a yi su don auna fahimi ba. Ma'aunan fahimi kuwa, irin na Wechsler da na Kaufman, an daidaita su ne a kan yaran Amurka da Turai, kuma fassara kaɗai ba ta mayar da su na gida.

Misali ɗaya ya isa. Gwajin riƙon wucin gadi da aka fi yi shi ne a karanta wa yaro jerin lambobi ya maimaita. Ellis da Hennelly sun nuna a 1980 cewa yaran Wales sun fi samun ƙarancin maki da harshensu a kan Turanci, saboda sunayen lambobinsu sun fi ɗaukar lokaci a baki. Lambobin Hausa daga ɗaya zuwa tara duka masu gaɓa biyu ne, na Turanci kuwa gaɓa ɗaya ne in ban da bakwai. Idan aka gwada Bahaushen yaro da Hausa aka duba makinsa a jadawalin Turanci, za a iya ɗora masa naƙasun da ba shi da shi. Idan aka gwada shi da Turanci, an auna Turancinsa ne. Ga kuma batun shekaru, domin jadawalin na bukatar wata da shekarar haihuwa, alhali iyaye da dama da azumi ko sallah ko damina suke tuna haihuwa.

Masu bincike a Kilifi ta Kenya a 2008 da na Malawi a 2010 sun magance irin wannan ta hanyar gina ma'aunan girman yara daga kayan wasa da ayyukan gida na mutanensu. A nan ma akwai abin ginawa a kai. Shallice da Burgess sun ƙirƙiro gwajin aike-aike a 1991 bayan sun lura cewa masu raunin goshi na cin jarrabawar ofis amma su kasa sayayya a kasuwa. Abin da suka ƙirƙira a Landan shi ne aikin yau da kullum na yaron Kano, kamar yadda Enid Schildkrout ta bayyana a nazarinta na shekarun 1970 kan yadda matan kulle ke gudanar da sana'a ta hannun yara. Uwar da ke aiken 'ya'ya biyar ta san wanda ke riƙe saƙo uku da wanda ba ya riƙe biyu, ta kuma san ko yaron ya sauya bayan ciwo. Abin da ya rage shi ne a mayar da wannan sani tambayoyi tsayayyu da Hausa, a gwada su a kan lafiyayyun yaran unguwa ɗaya don a sami abin kwatance.

4.4 Gida da Makarantar Allo a Matsayin Wurin Gyara

Ƙwararrun fahimin yara da masu gyaran magana ba su da yawa a Nijeriya, kuma masu gashin ƙashi sun fi mayar da hankali ga gaɓoɓi. Amma akwai hujjar cewa rashin ƙwararru ba ya nufin rashin gyara. A asibitin SARAH na Brasiliya, ƙasar Burazil, Lucia Braga da abokan aikinta sun raba yara 87 masu tsohon raunin kai gida biyu. Kashi ɗaya ƙwararru suka riƙa yi musu aiki a asibiti, ɗaya kashin kuma aka horar da iyayensu, aka ba su littafi mai hotuna, suka saka motsa jiki da motsa tunani cikin ayyukan gida. Rahoton 2005 ya nuna bayan shekara guda yaran hannun iyaye sun fi ci gaba a jiki da fahimi. A Yuganda, Bangirana ya ruwaito a 2009 cewa ya gwada horon kwamfuta ya ga amfani nan take, sai dai wannan hanya na bukatar na'ura da wutar lantarki, don haka ta Burazil ta fi kusa da halin da ake ciki.

Makarantar allo na da siffofin da masu gyaran fahimi ke nema. Kowane yaro da allonsa da inda ya tsaya, ba a ƙara masa sai ya biya, ba a wanke allo sai karatu ya zauna, kuma tilawa na dawo da tsohon karatu lokaci bayan lokaci. Wannan koyarwa ce gwargwadon ƙarfin ɗalibi, abin da ajin firamare mai cunkoso ba zai iya ba. Amma tana da cikas biyu. Hayaniyar karatun taro na wahalar da mai raunin natsuwa, don haka ya fi dacewa a zaunar da shi kusa da malam, a gajarta masa rubutu. Na biyu ya fi ɓoyuwa: hadda takan tsira ko da jagorancin tunani ya lalace, sai ƙoƙarin yaro a hadda ya rufe idon iyaye daga ganin gazawarsa a wasu fannoni. Saboda haka shaidar malamin allo ita kaɗai ba ta wadatar, sai an haɗa ta da ta uwa da ta malamin lissafi. Almajirin da iyayensa ke wani gari shi ya fi kowa shiga haɗari, domin babu wanda ya san yadda yake kafin ciwo.

4.5 Tsarin Bibiya da Batun Amana

Bisa abin da ya gabata, ana ba da shawarar duk yaron da ya yi doguwar suma, ko sanƙarau, ko shanyewar ɓarin jiki, ko buguwar da ta kai ga kwanciya, a sallame shi da kati mai bayani da Hausa, a boko da ajami, wanda ke ɗauke da ranar ciwon da tsawon sumar. A duba jinsa cikin makonnin farko. A sake ganinsa bayan wata shida da bayan shekara guda, daga nan kuma ranakun bibiya su bi matakan rayuwa: shiga firamare, shiga aji huɗu, da shiga ƙaramar sakandare, domin a waɗannan gaɓoɓi ne ake ɗora wa ƙwaƙwalwa sabon kaya. Wurin bibiyar ya zama asibitin sha-ka-tafi na mazaɓa. An riga an gwada miƙa kula da farfaɗiyar yara ga jami'an lafiya na matakin farko a cibiyoyi 60 a Kano da Zariya da Kaduna, da tambayoyin tantancewa da aka tsara da Hausa. Masu zagayawa gida-gida da maganin rigakafin zazzaɓi a damina, ga yara 'yan wata 3 zuwa 59, su ma hanya ce ta gano wanda ya taɓa suma.

Duk wannan ya dogara da yardar iyaye, kuma a Kano yarda da bincike a kan yara na da tarihi. A lokacin annobar 1996 kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a wani gwaji da ya ƙunshi yara 200 a asibitin cututtuka masu yaɗuwa. Yara 11 sun rasu, wasu sun fita da kurumta da shanyewa, aka yi shekaru ana shari'a kan ko maganin ne ko cutar, da kuma ko an nemi izinin iyaye yadda ya dace, har aka yi sulhu da Gwamnatin Kano a 2009 kan dala miliyan 75. Ƙaurace wa allurar shan inna a 2003 zuwa 2004 ya sami abin kafa hujja daga wannan lamari. Mai son bin yaro shekara goma yana shiga gidansu dole ya fara ta hannun mai unguwa da limami, ya yi bayani da Hausa a gaban uwa da uba, ya sake neman izini a kowace ziyara, ya nemi amincewar yaron kansa idan ya yi wayo. Sakamakon kowane awo kuma a mayar wa iyaye shi a ranar, tare da abin da za su yi a gida da saƙon da za su kai wa malamansa.